Fenti Ba Ya Gyara Ƙafar Mota

Tun da aka mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga tagwaye, motocin da ke ratsa Garaku sun ƙara wuta. Kamfanin China Harbour ya shimfiɗa kwalta daga Keffi har Lafiya da Makurɗi, ramukan da suka saba tilasta wa direba taka birki sun ɓace, kuma tun Fabrairun 2025 ana karɓar kuɗin hanya a ƙofar da ke nan Garaku. Mun gode wa Allah da samun hanya. Abin da ke hana ni sakewa shi ne irin motocin da muke hawa hanyar da su, musamman a-kori-kura ta hannu wadda ta taɓa yin hatsari, aka gyara, aka sake sa ta lodi.

Sana'ata sayen amfanin gona ce. Doya da riɗi da masara da agushi nake ɗaukowa daga ƙauyukan ƙaramar hukumar Kokona, ina kaiwa Keffi da Mararaba. Duk wanda ke wannan harka ya san matsayin a-kori-kura a wurinmu. Ita ke shiga inda babbar mota ba ta shiga, ita ke ɗauko buhuna da masu buhunan a bisa, kuma ran da naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita ke kai ta asibitin tarayya na Keffi. Amma da wuya ka ga wadda aka saya sabuwa. Ko dai Hilux ce da wani kamfani ko wata ma'aikata suka gama cin moriyarta suka yi gwanjo, ko Tacoma ce ko Frontier da aka sauko da ita daga Amurka, inda manyan kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAA ke sayar da motocin da kamfanonin inshora suka karɓe bayan hatsari ko ambaliya. Sayen irinsu ba laifi ba ne, iya ƙarfinmu ke nan. Inda muke cutar kanmu shi ne wajen gyara.

In mota ta yi karo a nan, wurin mai gyaran bodi ake fara kai ta. Ya buga, ya cike, ya goge, mai fenti ya fesa, a sa sabuwar fitila da bamba. Kafin a waiwayi ƙarƙashin motar kuɗi sun ƙare a abin da ido ke gani. In an tuna da ƙafa, sai a ce a kai ta alaimen, an gama. Wannan daidai yake da a ɗinka wa mai karaya sabuwar riga ba a kai shi wurin maɗori ba. Alaimen saiti ne na ƙarshe da ake yi wa ƙarafan da suke a miƙe. In ƙarfe ya lanƙwashe, abin da alaimen ke iya yi kawai shi ne ya ɓoye lanƙwasar na ɗan lokaci.

Bara ɗan yayata ya tara kuɗinsa ya sayi Hilux ta hannu, irin wadda aka fara yi daga 2005. Dillali ya ce masa bamba ta ɗan goga a gefen dama, ba wani abu ba. Fenti na ƙyalli, inji lafiya lau. Abin da ya lura da shi kawai, in motar na tafiya a miƙe sitiyarin na ɗan kwantawa hagu. Ya kai ta alaimen aka daidaita masa, ya dawo da murnarsa. Ba a jima ba tayar gaba ta dama ta cinye ta ciki har waya ta leƙo, ta waje kuwa ko gezau. Ya same ni ya ce, "Kawu, motar nan in na kai tamanin sai in ji tana shawagi, kuma in na fito kwana sitiyarin ba ya dawowa da kansa, sai na jawo shi." Na ce ya ajiye ta, ko buhu ɗaya kada ya ƙara ɗora mata. Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike a nan Garaku wanda aikin ƙafa ne sana'arsa tun yana yaro.

Zan faɗi abin da dattijon ya yi dalla-dalla, domin babu kwamfuta a ciki, kuma babu abin da ya fi ƙarfin kowane gareji tsakanin Keffi da Akwanga.

Da taya ya fara. Ya sa aka auna iskar duka huɗun, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta riƙa jan mota gefenta. Ya juya kowace yana kallon rim ko ya karkace, yana shafa jikin tayar ko ta yi ƙullutu. Ya ce in mota na jan hannu, hanya mafi sauƙi ita ce a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, a sake gwadawa. In jan ya sauya gefe, taya ce mai laifi, a bar ƙafa ta huta. Sannan ya tambayi yaron, "Kullum take jan ka, ko sai ka taka birki?" Yaron ya ce, "Baba, kullum ne." Tambayar tana da dalili. Motar da ba ta ja sai an taka birki, ciwonta na birkin ne, wataƙila na gefe ɗaya ya kama ko ya mutu. Ya kuma tuna masa cewa titi kansa yana da ɗan gangare zuwa baki saboda ruwan sama, don haka ɗan zamewa a hankali zuwa dama ba kullum ne ciwo ba.

Daga nan ya shiga ya zauna, ya miƙar da tayoyin, ya juya sitiyari hagu har ƙarshe yana ƙirga, ya dawo tsakiya, ya juya dama har ƙarshe. Juyin bai zo daidai ba, ɗaya gefen ya fi ɗayan. Ya ce wannan shaida ce an taɓa zare sitiyarin daga kan sandarsa an sake dasa shi a karkace don ya yi kama da miƙaƙƙe, alhali rak ɗin da ke ƙasa, wato ƙarfen da sitiyari ke turawa ya juya tayoyin, ba ya tsakiyarsa. Dabara ce da ta zama ruwan dare, kuma a motar da ke da jakar iska tana iya tsinka wayar da ke naɗe a bayan sitiyarin, a wayi gari ba ham ba jakar iska. Yayin da yake juyawar yana kuma jin ko akwai inda sitiyarin ke yin tauri sannan ya saki. Rak ɗin da ya lanƙwashe haka yake yi, ya cije a wuri ɗaya kullum. Na yaron bai cije ba, wannan sa'a ce babba, domin rak ne mai tsadar.

Sai ya kwanta a ƙarƙashi, ya kira ni in leƙa. Ya nuna mini zaren tayirod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, na hagu da na dama. A mota mai lafiya zaren da ke waje kusan daidai yake a gefe biyun. A nan ɗaya ya kusa shigewa duka, ɗayan ya fito zagwai-zagwai, abin da ya rage a cikin kan bai taka kara ya karya ba. Ya ce, "Alhaji, ka ga alaimen ɗin da aka yi muku. An ja wannan an saki wancan har tayoyin suka kalli gaba, ba a tambayi abin da ya sa suka daina kallon gaban ba." Motar na ƙasa da nauyinta, ya sa yaronsa ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ɗora hannu a kowace gaɓa yana jin inda ke wasa. Bayan nan aka ɗaga ta a jak, ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza don jin tayirod, ya kama ta sama da ƙasa don jin boljoyin da boris.

Abin da ya yanke hukunci tef ne, irin na magina. Ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, ya auna a dama. Na dama ya gaza da kusan faɗin yatsa biyu. Tayar gaba ta dama ta ja baya ke nan, kuma da ya sa yatsunsa tsakanin tayar da bodi a gefe biyun, ko ni na ga bambancin. Ya auna casis ɗin a gicciye, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya tarar awon biyu sun zo daidai, wato ƙashin bayan motar bai murɗe ba. Da aka kwance, hannun ƙasa na dama ya lanƙwashe baya, ƙarfen da ke riƙe da tayar ya ɗan karkace, ga kuma tabon wuta a jikin sandar tayirod inda wani ya taɓa gasa ta ya miƙar. Motar da aka ce bamba ta goga, tayarta ce ta daki wani abu mai ƙarfi. Yaron ya sayar da riɗin da ya ajiye ya sayi ƙarafan, aka ɗaura, sannan aka kai ta alaimen. Tun daga ranar sitiyarin ke dawowa da kansa.

Ya kamata mai mota ya san cewa saitin ƙafar gaba kala uku ne. Akwai na ko tayoyin biyu sun haɗa baki ko sun buɗe, shi ne ake ja da tayirod, kuma shi kaɗai ake taɓawa a wurare da yawa. Akwai kamba, wato kwanciyar taya ciki ko waje in ka tsaya a gaban mota kana kallo. Akwai kasta, wato kishingiɗar layin da taya ke juyawa a kansa, kuma shi ne ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, yake riƙe mota a miƙe in ta ɗauki gudu. In hannun ƙasa ya ja baya, kasta ta ragu a wannan gefen, mota ta riƙa ja can, sitiyari ya mutu a hannu. Abin da yaron ke kira shawagi ke nan. Na'urar alaimen ta kwamfuta tana nuna duka ukun, hagu da dama, tana kuma iya buga su a takarda. Duk wanda ya biya kuɗin alaimen ya nemi takardar nan, ta kafin aiki da ta bayan aiki. In kamba ko kasta na gefe ɗaya ya ƙi shiga layi, ko an murɗa ƙusoshin saiti na gefe ɗaya har ƙurewa kafin ya shiga, to akwai ƙarfen da bai miƙe ba.

Ba kullum ne ciwon sitiyari ke gaba ba. Duk mai bin hanyar nan ya taɓa ganin a-kori-kura tana tafiya a karkace, gindinta bai bi sawun kanta ba. Yawanci ƙusar tsakiya ta sifirin ɗin baya ce ta karye, gadar baya ta gusa gefe ɗaya, direba na ta tare motar da sitiyari bai san daga baya abin yake ba. A bi da ita ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a miƙe a duba sawu, ko wani ya bi ta a baya a kan babur, nan take za a gani. Tsofaffin Hilux masu akwatin sitiyari kuwa, da zarar sun yi wasa sai a kama dunƙulen saitin da ke saman akwatin a ɗaure tamau. Wasan ya ɓace a gareji, a kan hanya sitiyarin ya riƙa cijewa, alhali sau da yawa wasan yana can a gaɓoɓin da ke ƙasa.

Maganar da zan fi tsayawa a kanta ita ce ta wuta da walda. Ina girmama masu waldarmu, da su muke rayuwa, kuma casis da ya ɗan karkace ana iya ja a miƙar da shi in da awo. Amma tayirod, da ƙarfen da ke riƙe taya, da hannun akwatin sitiyari, ba a gasa su, ba a yi musu walda. An ƙera su da wani tauri na musamman, wutar gas tana sauya shi, kuma lanƙwasar farko kan bar tsaga siririya da ido ba ya gani. Ƙarfen zai fito a miƙe, zai yi wata da watanni yana aiki, tsagar tana ci a hankali da kowane gargada, har ran da zai rabu biyu ba sallama. In birki ya tsinke direba yana da giya, yana da birkin hannu, yana da damar zaɓar inda zai kai motar. In tayirod ya rabu, taya ɗaya ta juya inda ta ga dama, babu sauran abin da ke hannunsa. Haka nan ƙusar kafinta ko guntun waya da ake sakawa a madadin fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Kayan Baljiyam ma, wato kayan gyara na hannu, a duba su da kyau kafin a ɗaura, domin da yawansu daga jikin motocin da suka yi hatsari aka ciro su.

A da, lalacewar hanya tana rufa mana asiri. Motar da ba ta wuce kilomita 50 a awa saboda ramuka tana iya shekara da karkatacciyar ƙafa, asarar taya kawai ake yi. Yanzu wannan motar ce ke yin 100, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ƙarfin dukan da za ta yi a wannan gudun ya ninka na 50 sau huɗu. Ga lodi ya danne baya ya sauƙaƙa gaba, ga mutane zaune a kan buhuna ba abin riƙewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka rasu a kan hanyoyinmu a 2023, haka ma a 2024. A jerin dalilan da take bayarwa gudun wuce kima ne kan gaba, akwai kuma ƙwacewar mota. Mu ma abin da muke faɗa ke nan a wurin ta'aziyya: mota ce ta ƙwace masa. Ina so a riƙa ƙara tambaya ɗaya a kai, me ya ƙwace ta? Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ƙaddara bai hana a leƙa ƙarƙashin tarkacen a ga ko akwai tabon walda a inda ƙarfen ya rabu ba.

Mai sayarwa yana da nasa kason. Malamanmu na fiƙihu sun sha karantar da mu cewa wajibi ne mai haja ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano ɓoyayyen aibi daga baya. Muna kiyaye wannan a cinikin sa da rago, mun san abin kunya ne a sayar da dabba mai ciwo a yi shiru. A cinikin mota kuwa an mayar da ɓoye hatsari gwanintar dillanci. Aibin dabba asarar kuɗi ce, na sitiyari kuwa yana iya cin ran mutanen da ba su san an yi cinikin ba, har da mai tallan ayaba a bakin titi. Dillalin da ya ce an yi karo a dama, an sauya kaza da kaza, la'adarsa za ta ɗan ragu, amma halal ce. Mai saye kuma kada ya ji nauyin zuwa da bakanikensa da tef ɗinsa. In motar daga Amurka ta fito, lambar casis mai harafi da lamba 17 tana nan a gindin gilashin gaba, kuma sau da yawa in an bincika ta a intanet har hotunan motar a filin gwanjo ake gani, da gefen da ta daku.

A wasu ƙasashe ba a bar wannan ga tsoron Allah na mai sayarwa kaɗai ba. A Ingila, gwajin lafiyar mota da aka fara a 1960 abu uku ya fara dubawa: birki, fitila da sitiyari. Tun Oktoban 2017 kuma motar da inshora ta yafe saboda ta daku har ƙashinta tana ɗauke da alamar hakan a tarihinta duk inda aka sayar da ita. A jihohin Amurka da yawa, motar da aka rubuta wa lalacewa ba ta komawa titi sai an gyara an kuma duba ta. Mu ma muna da takardar shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa, amma kowa ya san sau tari tare da sauran takardu take fitowa, motar na ajiye a gida. Takardar da ba ta san mota ta taɓa karo ba, ba ta kare kowa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne. Kayan gyara sun yi tsada, mai motar da ta yi hatsari ya riga ya ci bashin asibiti da na bodi, kowace ranar da ta kwana a gareji ranar yunwa ce a gidansa. Bakanike kuma abin da aka biya shi yake yi. In ya ce a sayi sabon ƙarfe, mai mota ya ce a lallaɓa, in ya ƙi a kai wa na gaba da shi. Amsata ita ce a sauya jerin kashe kuɗin. Binciken da na bayyana, daga taya har tef, ba ya cin wuni guda kuma ba ya buƙatar sayen komai. In kuɗin ba za su ishi duka ba, a fara da ƙafa da birki, a bar fenti sai bayan kaka. Ban taɓa jin manomi ya ƙi ɗora doyarsa a mota don ƙofarta ba launi ɗaya da bodi ba.

Kuma ba sai mun jira Abuja ko Lafiya ba. Ƙungiyar direbobi ta tashar Garaku tana iya hana kowace mota lodi, tana kuwa yin haka kan kuɗin tikiti. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta san waye gwanin ƙafa a cikin 'ya'yanta. Su zauna su amince a kan takarda shafi ɗaya: awon hagu da na dama, awon gicciye, juyin sitiyari kowane gefe, ƙarafan da aka sauya, da sa hannun bakaniken da ya duba, a maƙala mata takardar alaimen. Duk a-kori-kurar da ta yi karon da ya taɓa taya, kada a ba ta layi sai ta kawo wannan takarda, kuma in za a sayar da ita takardar ta bi ta wurin sabon mai ita. Su kuma makanikan su haɗa baki cewa babu wanda zai ƙara gasa tayirod a garin nan, ta yadda mai motar da aka ƙi wa a gareji ɗaya ba zai samu a na kusa da shi ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin biyu su yi wannan zama kafin doya ta fara fitowa, domin lokacin ne kowace mota, mai lafiya da marar lafiya, ke fita lodi dare da rana.